Inhelar da Na Kulle a Watan Azumi

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin fayil a wani ofishin gwamnati da ke kan Sama Road a Sakkwato. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ce da shekara biyu a gaba, amma babu wanda ya taɓa neman takarda a hannuna ya rasa. Kowane abu da mazauninsa, kowane aiki da lokacinsa, da haka na yi aiki. Da na yi ritaya na dawo gida Gawon Nama da wannan hali, ban baro shi a ofis ba. Zan faɗi yadda ya kusa raba ni da matata, kuma zan faɗe shi bi da bi kamar yadda ya faru.

Ciwon asma gare ta. A ƙauyensu, can bakin fadama inda 'yan'uwanta ke noman shinkafa da gero, huka suke ce masa. Tun tana ƙarama take da shi. Ya lafa shekaru da yawa, sai da muka manyanta, 'ya'ya suka kama gidajensu, muka rage mu biyu, sannan ya dawo. Idan ya tashi, ƙirjinta kan yi wata ƙara siririya kamar iska na bi ta tsagar ƙyaure, tana jan numfashi kafaɗunta na ɗagawa.

A asibiti suka ba ta inhela biyu, wato ɗan gwangwanin nan da ake sawa a baki a danna, ya fesa magani a shaƙa. Ɗaya mai ruwan ƙasa, na safe da yamma. Ɗaya shuɗi, likita ya ce na lokacin da ciwon ya tashi ne. Ya yi bayani, amma da sauri ya yi shi, don layi ya kai har waje. Abin da na fito da shi a kaina shi ne magani ne, magani kuwa lokaci gare shi.

Ita ba haka ta ɗauke shi ba. Shuɗin a bakin zanenta take ɗaure shi kamar goro. Tana tsakar shara ta kwance ta fesa. Tana hira ta fesa. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau huɗu. Wannan ya tsaya mini a rai. Ga shi kuma ina jin mutane a majalisa suna cewa duk wanda ya saba da inhela ba ya rabuwa da shi har kabari.

Da azumi ya gabato a shekarar, cikin tsakiyar zafi, sai na ji an yi wa malamai tambaya a rediyo ko inhela na karya azumi. Wani ya ce ba ya karyawa, tunda huhu yake tafiya. Wani, a wata rana, ya ce yana karyawa. Dukansu biyu sun ƙara da cewa mara lafiya an yi masa rangwame, ya sha ya rama. Na ji wannan ƙarin da kunnena. Amma ni duk inda hanya ta rabu biyu, mai tsananin nake bi, haka aka yi ni.

Daren da aka ga wata na zaunar da ita na shimfiɗa doka uku. Ta ɗaya, mai ruwan ƙasa sau biyu, da sahur da bayan shan ruwa. Ta biyu, shuɗin ma haka, fesa biyu da sahur don ya riƙe ta yini, fesa biyu bayan shan ruwa. Ta uku, duka biyun za su zauna a durowar teburina a kulle, makulli na aljihuna.

Ta dube ni tana dariya. "Malam, kai ko Mala'ikan mutuwa ya zaka sai ka ce ya bi layi."

"Tsari dai tsari ne," na ce.

"To, mai tsari. Ni ma ba ni son abin da za ya taɓa min azumi. Kulle abinka."

Ta kwance shuɗin daga bakin zanenta ta miƙo mini da hannunta. Ban tilasta mata ba. Na daɗe ina faɗa wa kaina wannan, kamar yana rage wani abu.

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Akwai alamu, kuma na gan su. Sharar tsakar gida da take yi a tashi ɗaya ta koma tana yin ta kashi uku, tana zama a tsakani. Ta rage magana da rana. Na ce zafi ne da ƙishi, kowa ma haka yake.

Rana ta goma sha uku, wanta ya aiko mata da buhun gero daga ƙauye. Tsohon gero ne na rumbu, an barbaɗa masa hodar maganin ƙwari. Ta yi murna, ta ce yau kunun na geron gida ne. Na bar ta tana kwance bakin buhun na tafi sallar La'asar. Na zauna tafsiri kaɗan, na biya na sayo ƙanƙara, na shigo gida ƙarfe biyar da kwata. Na san lokacin don na duba agogo a zaure.

Faifai na fara gani a ƙasa, gero a watse, kaji sun taru a kai babu mai korarsu. Matata ba ta barin kaza ta taɓa hatsi. Can bakin madafa na hango ta a zaune kan turmin da aka kifa, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, ta miƙa wuya gaba. Icen da ta hura bai kama ba, hayaƙi kawai yake tuɗaɗowa a kanta. Daga zaure nake jin ƙarar ƙirjinta.

"Ke, lahiya?"

"Ƙaiƙayi ne," ta ce. Ta tsaya ta ja iska. "Na bakace... geron."

Na ajiye ƙanƙarar. Hannuna ya shiga aljihu ya taɓa makullai. Sai na sake duba agogo. Saura awa ɗaya da rabi a sha ruwa.

"In ɗauko miki shuɗin?"

Ta girgiza kai. "Saura... kaɗan. Ba ni karya... azumina."

Nan ne wurin da nake jin kunyar rubutawa. Da ta girgiza kai, daɗi na ji. Na ji an sauke mini kaya. Na fitar da hannuna daga aljihu.

Na yi abin da na iya, a jere. Na kashe wutar da ruwa. Na kama ta na kai ta inuwar ɗaki na zaunar da ita a kujera. Na jiƙa tsumma da ruwan ƙanƙara na ɗora mata a wuya. Na ɗauki mafici ina yi mata fifita, ina ce mata, "Ki daure. Ja a hankali. Saki a hankali. Kada ki yi gaggawa." Tana kallona, idonta ya fito, zufa na bin fuskarta. Ramin da ke gindin wuyanta yana shiga ciki duk lokacin da ta ja. Ina fifita ina duban agogo. Biyar da rabi. Shida saura kwata.

Sai ƙarar ta fara raguwa. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har sai na kasa kunne kafin in ji ta. Na ce alhamdulillahi a fili. Na ce mata, "Kin gani ko? Ya fara lafawa."

Kanta ya fara lanƙwasa gaba kamar mai gyangyaɗi, ta ɗago, ya sake lanƙwasawa. Leɓɓanta sun yi launin toka.

A daidai nan aka yi sallama a zaure. Maƙwabciyarmu ce, wadda muke kira Malama. Kirista ce, mutuniyar Filato, tana koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, mijinta kafinta ne. Shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Duk azumi matata kan aika musu da kunu da ƙosai, su kuma su aiko da shinkafa ranar Kirsimeti. Kwanon jiya ta kawo don a zuba mata na yau.

"Mama, ga kwanonki, kar a ce na cinye har da..." Ba ta ƙarasa ba. Kwanon ya faɗi. Ta durƙusa ta manna kunnenta a bayan matata, ta saurara dama, ta saurara hagu.

"Ya lafa ai," na ce. "Ɗazu ƙarar har zaure."

"Baba, bai lafa ba. Iskar ce ba ta shiga, shi ya sa ba ka jin komai. Ina inhela?"

"Yana durowa."

"Kawo."

"Azumi take. Saura awa ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni. Tunda nake maƙwabtaka da matar nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar. "Baba, ni ba Musulma ba ce, amma na daɗe a garin nan. Ban taɓa jin an ce gawa ta cika azumi ba. Mama ba ta da awa ɗaya. Kawo!"

Makullai bakwai ne a zobena, na san jerinsu ko ido a rufe. Ranar sai da na bi su sau biyu. Makullin na zamewa daga bakin ramin, Malama na ƙwala mini kira daga waje. Da durowar ta buɗe sai na ga inhelar biyu a kwance gefe da gefe kan takardar da na shimfiɗa musu, tsaf, yadda na jera su da asuba.

Na kawo shuɗin. Da na kai shi bakinta, da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta kau da kai.

Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. "Ni na ce ki sha. Allah ya yi wa mara lahiya rangwame, na sani, tun ran farko na sani. In akwai laihi, bisa wuyana yake. Buɗe baki."

Ta buɗe. Na danna. Maganin ya fito ta gefen bakinta ya watse a iska. Ba ta da ƙarfin da za ta zuƙe shi.

Malama ta waiga ta ga gorar roba da aka wanke don zoɓo. Ta ɗauki wuƙar madafa ta huda gindin gorar, ta cusa bakin inhelar a ramin, ta sa bakin gorar a bakin matata. "Danna sau ɗaya, Baba. Mama, ki yi numfashi a ciki, ko yaya ne. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Girgiza shi ka sake danna." Maganin yana tsayawa a cikin gorar kamar hazo, ta riƙa ɗibarsa kaɗan kaɗan. Sau goma muka yi. Na ƙirga. Bayan na goma ta ɗan buɗe ido, amma launin leɓɓanta bai sauya ba.

"Asibiti," in ji Malama. Ta fita da gudu babu mayafi, ta tare mai Keke Napep a bakin titi.

Wanda ya san Sakkwato dab da shan ruwa ya san irin hanyar da muka shiga. Kowa na sauri gida, babura ta ko'ina, masu kankana da masu ƙanƙara sun cinye rabin titi. Matata na tsakaninmu, kanta a kafaɗar Malama, ni ina riƙe da gorar ina dannawa duk lokacin da aka ce in danna. Na ɗora tafin hannuna a bayanta don in ji ko yana motsi. Yana motsi, kaɗan, kamar na ɗan tsuntsu. Sau biyu na ji kamar ya tsaya. Mai keken yana leƙa kai waje yana ihu, "Mara lahiya! A ba da hanya don Allah!" Duk addu'ar da na sani ta ɓace mini, sai Ya Hayyu Ya Ƙayyum kawai nake maimaitawa.

A asibiti suka karɓe ta a keken marasa lafiya. Na ga sun rufe mata hanci da baki da wata roba mai igiya, an haɗa da na'ura mai ruri tana fitar da tururin magani, an jawo tukunyar iska, wata nas tana neman jijiya a hannunta za ta yi mata allura. Likitan, mace ce, ta tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ce biyar da kwata na same ta. Ta ce yaushe aka fara ba ta shuɗin. Na ce wajen shida saura minti goma. Ta dube ni, ta ce in jira a waje.

Muka zauna a benci ni da Malama, da tazara a tsakaninmu. Ta ƙofar ina jin rurin na'urar. Ba ni da abin yi, kuma ni zama babu abin yi shi ne ke kashe ni. Na ce, "Malama, ke kin karanta. Faɗa mini mi ke faruwa cikin ƙirjinta. A jere. Kada ki tsallake."

Ina jin ta gane cewa in ba ta ba ni abin riƙewa ba zan faɗi. Ta share fuska da bakin zanenta ta fara.

Ta ce in ɗauki huhu kamar bishiya da aka kifa. Maƙogwaro ne gindin, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har su zama sirara kamar tsinken tsintsiya. Duka rassan nan rami ne a ciki, ta nan iska ke bi. Kowane reshe kuma akwai tsoka da ta naɗe shi, yadda ake naɗe bakin buhu da igiya.

"Tsokar nan ba irin ta hannu ba ce, Baba, da za ka ce mata kama ta kama, saki ta saki. Ba ta jin maganar mai ita."

Na tuna yadda na zauna ina ce mata ta daure, ta ja a hankali.

Ta ce tsokar an gina ta da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya in ɗauke ta kamar gida mai katanga da ƙofofi. A cikin gidan akwai igiyoyi iri biyu a kwance kusa da juna. Iri ɗaya yana da ƙananan hannuwa. Idan hannuwan suka kama ɗayar igiyar suka ja, kamar mutane na jan guga hannu bayan hannu, sai gidan ya tsuke. Idan dubban gidaje suka tsuke tare, bakin buhun ya ɗaure.

"Wa ke ba su umarnin ja?"

"Wani sinadari, kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi. Akwai shi a ajiye a wani ɗan rumbu cikin gidan, akwai shi kuma a waje. Ƙaiƙayin nan da hoda da hayaƙi, jikin Mama ya ɗauke su abokan gaba. Ya aika saƙo, rumbu ya buɗe, ƙofofi suka buɗe, kalsiyam ya cika gidan. Muddin yana nan, hannuwan ba za su saki ba."

Nas ta fito da sauri ta wuce mu, ta dawo da wata kwalba. Na miƙe. "Yaya take?"

"Za a sa mata tururin magani na biyu, Baba. Zauna."

Na zauna. "Ci gaba," na ce wa Malama. "Maganin fa?"

Ta ce maganin shuɗin ba ya ma shiga gidan, a bakin katanga yake tsayawa. Na ɗaya, akwai maigadi a jikin katangar wanda ya dace da shi, sai maganin ya zauna a hannunsa. Na biyu, maigadin ya taɓa wani da ke bayansa ta ciki, shi kuma ya tayar da wani ma'aikaci. Na uku, ma'aikacin ya fara fitar da ƙananan masinjoji masu yawa, su bazu cikin gidan. Na huɗu, masinjojin su tayar da babban jami'i, mai sa hannu. Na biyar, jami'in ya ba da umarni a rufe ƙofofin da kalsiyam ke shigowa, a kwashe wanda ya watsu a mayar rumbu, a tura wani waje, a kuma dakatar da wanda ke ɗora hannuwa kan igiya. Na shida, hannuwan su saki. Gida ya miƙe, na kusa da shi ya miƙe, bakin buhu ya kwance, iska ta wuce.

Ina ƙirgawa da yatsuna. Kamar tafiyar fayil ce daga tebur zuwa tebur, kuma na fi kowa sanin cewa fayil kan maƙale a hanya.

"To mun ba ta sau goma a gida. Mun ƙara a hanya. Don mi ba su saki ba?"

Ta ce maganin a kan iska yake hawa ya shiga. Idan aka ba shi da wuri, hanya na buɗe, ya isa ko'ina cikin 'yan mintuna. Idan aka jira, bayan tsukewar tsoka sai cikin rassan ya kumbura, majina mai kauri ta toshe su. Iska ba ta shiga, magani ma ba ya isa wurin maigadi. Kumburin kuwa shuɗi ba ya taɓa shi, sai allurar da aka yi mata, ita kuma tana ɗaukar awoyi.

"Na sahur fa? Fesa biyu nake ba ta don ya riƙe ta yini."

"Baba, akwai masu shara a gidan da ke kwashe masinjojin, jiki kuma yana wanke maganin. Awa huɗu ne, in ya daɗe shida. Wanda ka ba ta da asuba ya ƙare tun kafin azahar."

Kwana goma sha uku, daga azahar zuwa faɗuwar rana, babu komai tsakanin matata da wannan ciwo sai durowa a kulle. Da rabin awar da na yi ina fifita. Na lissafa su duka a bencin nan, ba wanda ya taya ni.

Aka kira sallar Magariba daga masallacin asibitin. Mutanen da ke baranda suka fara kwance leda, ana miƙa wa juna dabino. Ban motsa ba. Malama ta tashi ta dawo da ledar ruwa ta ajiye a gefena.

"An kira salla, Baba. Ka sha."

"Ba ni iyawa."

"Ka sha, kar ka faɗi a ƙara wa likita aiki. Gado ɗaya ne ya rage, kuma ba naka ba ne."

Na kurɓa. Na yi sallar a nan bakin ƙofa, ban yarda na je masallaci ba. Ban san surar da na karanta ba. Ina sallamewa nas ta ce an sa na uku.

Muna nan zaune sai na ji ta. Ƙarar nan siririya, mai kama da iska a tsagar ƙyaure, ta dawo, har tana fin rurin na'ura. Tari ya biyo baya, mai nauyi. Na miƙe tsaye. "Ya sake tashi! Malama, ya dawo!"

Malama ta kasa kunne, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu, na gode." Ta juyo. "Wannan ƙarar iska ce ke wucewa, Baba. Sun fara saki."

Ban yarda ba sai da aka bar ni na shiga. Tana jingine a gado, robar na fuskarta, hannuwanta na karkarwa sosai. Likita ta ce maganin ne ke sa rawar da bugun zuciya, zai wuce. Leɓɓanta sun fara komawa launinsu. Ta ɗaga robar kaɗan.

"An sha ruwa?"

"An sha."

"Kaji sun cinye min geron ko?"

Numfashi ɗaya ta faɗi wannan magana da shi, ba ta tsaya a tsakiya ba. Na ƙirga kalmomin. Na juya baya na fuskanci bango, don akwai mutane a ɗakin.

Kwana biyu ta yi a asibiti. Ranar da za a sallame ta likitar ta zaunar da ni, ta yi magana a hankali yadda zan riƙe. Shuɗin ya zauna a jikinta dare da rana. Mai ruwan ƙasa shi ne mai lokaci, kada a fasa shi ko ta ji sauƙi. In tana yawan neman shuɗin, alama ce ciwon bai kwanta ba, a dawo da ita, kada a ɓoye magani. Kada ta sake bakace hatsi. Akwai ƙwayoyin da za ta sha da rana na wasu kwanaki, don haka ta ajiye azumi har sai an sake duba ta.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Tunda na aure ta ban taɓa ganin ta ci abinci da rana cikin watan azumi ba. Ko a kwanakin da mata ke da uzuri, ɓoyewa take.

Washegari da azahar na dama kunu da kaina, ya yi gudaji, na kai mata ɗaki da ƙwayoyin da kofin ruwa. Ta dubi kwanon ta dube ni.

"A gabanka, Malam? Kana azumi?"

"Umarnin likita ne."

"To hita waje. Kunya nika ji."

"Ba ni hita."

"Wanga mutum! To juya baya."

Na jawo kujera na zauna ina fuskantar ƙofa. A bayana na ji ludayi ya taɓa kwano, na ji ta kurɓa, ta yi tsaki ta ce wannan kunu ko tuwo. Ina sauraren abin da ke tsakanin kurɓa da kurɓa. Iska ta shiga, ta fita. Akwai 'yar ƙara can ƙasa. Ban san ko ƙarar saki ce ko ta kamu ba, kuma har yau ba na iya rarrabewa da kunne. Na zauna ina saurare har ta ce in karɓi kwanon.